Wane suna za mu ba sunan da aji ke fita da shi cikin XML?

Malam Nura: 'Yan'uwa, mun riga mun tsayar da "jerantawa" a madadin serialization, wato fitar da bayanan manhaja zuwa XML, tsarin rubutun da manhajoji ke musayar bayanai da shi, da "harhaɗawa" ga dawo da bayanan cikin manhaja. Saura sunan da mutum ke zaɓa da kansa. A harshen rubuta manhaja na C#, idan aji (class, wato tsarin da ke tattara bayanai a manhaja) yana da sifa (property) SunanDalibi, XmlSerializer, mai yin jerantawar, zai fitar da <SunanDalibi> yadda take. Da ka ɗora mata XmlElement("suna") sai ta fita da <suna>. Ina ba da shawarar mu kira wannan na biyun "laƙabi".

Hajara: Malam, laƙabi yana da daɗin faɗa, amma yana rage wa abin nauyi. Laƙabi ko an yar da shi mutum yana nan da sunansa na yanka. Nan kuwa sunan da ke cikin XML shi ne alkawarin da ke tsakaninka da manhajar da za ta karanta, na cikin ajin naka ne kai kaɗai, ka sauya shi duk ranar da ka so. Idan na wajen ya saɓa ko da harafi ɗaya, misali <Suna> maimakon <suna>, tunda XML na bambanta babban baƙi da ƙarami, XmlSerializer ba zai ce uffan ba. Zai tsallake, ya bar sifar babu komai, sai dai in ka kama shi ta UnknownElement, sanarwar da yake bayarwa in ya ci karo da sunan da bai sani ba. Tushe, wato sunan farko da ya lulluɓe dukkan XML ɗin, shi kaɗai ke ƙorafi: in sunansa bai dace da XmlRoot ba, harhaɗawar ta tsaya da kuskuren InvalidOperationException. Ni "sunan waje" da "sunan ciki" nake so.

Injiniya Bello: Ina bayan Hajara, domin wani sa'in sunan wajen biyu ne. Jerin abubuwa a C# yana fita da mazubi mai sunan sifar, 'ya'yansa kuma su ɗauki sunan nau'insu, shi ya sa ake ganin <string> a jere. XmlArray ke sauya sunan mazubin, XmlArrayItem na 'ya'yan. In ka sa XmlElement a kan jerin, mazubin ya ɓace gaba ɗaya. JAXB, takwaran XmlSerializer a harshen Java, akasin haka yake yi, ba ya sa mazubi sai ka nema da XmlElementWrapper. Manhajoji biyun nan kan saɓa a daidai nan. "Sunan waje na mazubi" ya fi "laƙabin mazubi" fayyace abin.

Hajara: Yaya Bello, a ƙara da ƙa'idar rubuta shi. Ba ya farawa da lamba, ba a barin fili a tsakiya, kuma duk sunan da ya fara da xml keɓaɓɓe ne. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, duk sun halatta, amma 'yar waƙafin sama da muke sa wa 'y haramun ce a suna. A rubuta <ƴanAji>, kuma a ajiye fayil ɗin da UTF-8.

Malam Nura: Na janye laƙabi. Ajin da ba naka ba, wanda ba ka da ikon taɓa rubutunsa, ana ba shi sunan waje ta XmlAttributeOverrides lokacin gina XmlSerializer. A gina shi sau ɗaya a riƙa amfani da shi, domin duk sabon gini ta wannan hanya yana cin ma'adanar kwamfuta ba ya saki. Mun tsaya a kan sunan ciki da sunan waje.