Kiren ɗinmu na sama an gyara birki, dole sai an yi gwajin lodi?

Mai Walda Idu:
Salam yan uwa. A wurin aikinmu nan Idu Abuja akwai kiren na sama, wato injin ɗaga kaya masu nauyi, mai ton 5, satin jiya aka canja masa birki da waya, oga yace mu ci gaba kawai, ni kuma wlh hankalina bai kwanta ba don jiya da muka ɗaga ƙarfe sai da ya ɗan zame ƙasa kafin ya tsaya, ga yara suna wucewa ta ƙarƙashi.

Baban Ummi:
Ɗan uwa zamewar nan kaɗai ta isa a kashe kiren ɗin. Bayan babban gyara ana gwadawa da kashi 125 na nauyin da aka rubuta a jikinsa, naku ton 6.25 kenan, a ɗaga kaɗan daga ƙasa a tsayar a ga ko birki ya riƙe, sannan a tafi da shi tsawon layin da kiren ɗin yake bi. Wasu da manyan jakunkunan ruwa suke yin lodin gwajin.

Injiniya Kubwa:
Kuma don Allah kar ku gwada da kanku, a kira masu satifiket su baku takarda. Su duba ƙugiya ko bakinta ya buɗe.

Mai Walda Idu:
Na gode Yallaɓai, da safe zan sami oga.