Taifot ya ƙi barin gidanmu, likita ya ce a duba matsarmamar Mama

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina Anguwan Rogo a nan Jos. Taifot ya addabe mu: ƙanena ya yi ya warke, 'yata ta kwanta, yanzu kuma maigida. Ruwan sha har tafasawa muke yi, duk a banza. Mama ce ke mana girki, ita kuwa garau take. Da aka yi mata hoton ciki aka ga duwatsu a matsarmama, likita ya ce mai yiwuwa ita ke ɗauke da ƙwayar. Abin ya tsaya min a rai. Matsarmamar da in ta fashe a kayan cikin kaza naman ba ya ciwuwa don ɗaci, ta yaya ƙwayar cuta za ta zauna a ciki? Kuma ta yaya zan tunkari Mama da wannan magana?

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Wa alaikumus salam, Allah ya ba maigida lafiya. Maganar likita tana kan hanya. Hanta ce ke yin ruwan nan mai ɗaci, matsarmama ta adana, in an ci abu mai maiƙo ta tsiyayo shi cikin hanji. Ba ɗacin ke kashe ƙwayoyin cuta ba, sinadaran ciki ne ke lalata fatar jikinsu, kuma da yawa suna mutuwa. Amma Salmonella Typhi mai kawo taifot tana iya fitar da sinadaran daga jikinta. In ta samu dutse sai ta manne, ta lulluɓe kanta da wani yauƙi da magani ke wahalar ratsawa. Daga nan take biyo ruwan zuwa hanji ta fita ta bayan gida, mai ita ba zazzaɓi ba ciwon kai. Cikin mutum 100 da suka yi taifot, kimanin 2 zuwa 5 ke zama haka, an fi gani ga mata da masu duwatsun. Haka aka gano Mary Mallon, wata mai girki a Amurka, a 1907. Don Allah kada ki tsaya kan gwajin jini na Widal. A yi wa Mama kalca na bayan gida, wato gwajin da ake rainon ƙwayar cuta don a gano ta, fiye da sau ɗaya, don ba kullum ƙwayar ke fitowa ba.

Wani ɗan uwa daga Bukur: A samo mata maɗaciyar sa a mahauta ta sha, ɗaci ke kashe ɗaci.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: A'a Malam, don girman Allah kada a yi. Ƙwayar da ta mai da maɗaciya gidanta ba maɗaciya za ta kore ta ba. Likita kan ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta na kusan mako 4. In duwatsun suka hana, akan cire matsarmamar, hanta ta ci gaba da aikinta.

Hajiya daga Dilimi: 'Yata, kul kika ce mata ita ke sa muku ciwo. Uwa ce, sai ta daina cin abinci don baƙin ciki, alhali ba laifinta ba ne. Ki ce likita ya ce duk gidan za a gwada, ke ki fara kai naki. Girkin kuma ki karɓa da sunan ta huta. Ki ajiye sabulu kusa da buta, kowa ya riƙa wanke hannu, har maigidan.

Mai tambaya: Na gode Hajiya, Allah ya saka. Malam, kalcan da azumi ake zuwa, ko za ta iya karyawa tukuna?

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Ta karya abinta. Ki dai faɗa musu in tana shan wani magani yanzu, don yana iya ɓoye ƙwayar.