Shawarwari kan kyamarar fim mai araha

Da aka tattauna kan kyamarar fim ta SLR (wadda kake hangen abin da za ka ɗauka ta cikin gilashin da ke ɗaukar hoton) da ta dace da sabon shiga, yawancin masu tattaunawar sun zaɓi Pentax K1000, wadda ta fito a 1976. Ko batir ya mutu tana ɗauka, domin ma'aunin haske kaɗai ke cin batir. Canon AE-1 kuwa ba ta aiki sai da shi.

Kafin ka biya, buɗe bayanta ka taɓa soson da ke tare haske. In yana manne wa yatsa, a sauya shi, in ba haka ba hotuna su fito da jan tabo. Ni dai na bi bayan masu cewa gilashin kyamara (lens) na 50mm da fim ISO 400 (lambar da ke nuna saurin kama hasken fim) sun isa, ragowar kuɗin ta tafi wankin fim.