Kwalejin Katsina: gyaran ilimi ne, ko makarantar 'ya'yan manya?

Bakatsine: Jama'a, ina nan kan bakana: bokon Arewa daga Kwalejin Katsina ya kafu. Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922, kuma gininta na laka har gobe yana tsaye, an mai da shi gidan tarihi. Sardauna da Tafawa Ɓalewa duk nan suka yi karatu.

Bakano: Sassauta, Malam. Baturen nan Hanns Vischer, da ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawar Kano tun 1909. Ina kwalejin taku a lokacin?

Bakatsine: Ai ba tafiyarsu ɗaya ba. Kwaleji malamai take yayewa, su ne suka bazu lardi-lardi suna koyarwa a makarantun midil.

Malama: Ku duka kun tsallake abin da ke damuna. Wane irin gyara ne babu mace ko ɗaya a aji? Mazan ma tsinto su ake yi kaɗan-kaɗan, galibi daga gidajen sarauta da na fada. Bature ma'aikatan En'e, wato hukumar gargajiya, yake nema, ba wayar da kan talaka ba.

Dattijo: 'Yata, batun mata gaskiyarki ce, ba ja. Amma Ɓalewa ba ɗan sarki ba ne, mahaifinsa hidima yake a gidan hakimi. Kuma shi ne ya miƙe a majalisar Kaduna a 1950 ya ce tsarin En'e na buƙatar garambawul. Malam Aminu Kano ma ɗalibin kwalejin ne bayan ta koma Kaduna, kun kuwa san irin ta'asar da ya yi wa masu rawani a jam'iyyar NEPU. Abin da Bature ya shuka daban, abin da ya tsiro daban.

Bazazzagi: To tunda an ambaci ƙaura, a faɗi gaskiya. Ta bar Katsina a 1938, ta iso Zariya a 1949, aka raɗa mata Barewa a 1971. Gowon da Murtala a nan suka yi. Ku Katsinawa bango aka bar muku, makaranta tana wurinmu.

Bakatsine: Bangon nan dai shi gwamnati ta sa cikin kayan tarihin ƙasa, ba naku ba.

Malama: Baba, na karɓi batun Ɓalewa. Amma mutum biyu da suka bijire ba sa wanke manufar da aka kafa ta a kai. Ku kira ta gidan tarihi, na yarda, ni ma zan kai ɗalibaina su gani. Kalmar gyara ce dai ban saya ba.