Blitzkrieg da Hausa: walƙiya, dirar mikiya, ko keta-ka-wuce?

1/ Jama'a, duk mai rubuta tarihin Yaƙin Duniya na Biyu da Hausa sai ya ci karo da kalmar Jamusancin nan, Blitzkrieg, musamman in an zo kan Janar Heinz Guderian, kwamandan tankokin yaƙin Jamus. Yawanci "yaƙin walƙiya" ake cewa a wuce. Ni dai sunan bai kwanta mini ba.

2/ Blitz walƙiya ce, Krieg kuma yaƙi, babu musu. Amma in Bahaushe ya ce walƙiya, hasken da ya gifta ya ɓace yake nufi. Tsawa ce ke faɗa wa mutum, walƙiya sai dai ta razana shi. Kalmar ma 'yan jarida ne suka yayata ta tun 1939, ba ita ce sunan dabarar a hukumance wajen sojan Jamus ba. To me zai ɗaure mu da ita?

3/ Gara mu dubi aikin, sannan mu raɗa suna. An haifi Guderian a 1888. A Yaƙin Duniya na Farko ya yi aiki a sashen sadarwa, shi ya sa ya san darajar rediyo tun da wuri. Abin da ya nace a kai shi ne kada a rarraba tankokin yaƙi su zama 'yan rakiyar sojan ƙafa. A tara su wuri guda, rediyo na haɗa su, sojoji a mota suna biye, jirage na ruwan bama-bamai a gaba.

4/ A watan Mayun 1940 ya bi ta dajin Ardennes da ke wajen iyakar Beljiyam da Faransa, inda Faransa ta ɗauka babbar runduna ba za ta ratsa da sauri ba. Ran 13 ga wata ya haye kogin Meuse a Sedan. Nan ne asirin yake: da ya ɓula dagar abokan gaba, bai tsaya ƙarasa waɗanda ke dama da hagunsa ba, gaba ya yi. Shi kansa yana cikin motar sulke mai rediyo kusa da bakin daga, ba can baya a ofis ba. Ran 17 ga wata na sama da shi, Janar von Kleist, ya ce ya tsaya. Suka yi cacar baki har Guderian ya nemi a sauke shi, daga bisani aka bar shi ya ci gaba da sunan wai leƙen hanya. Ran 20 ga wata dakarunsa suka isa bakin teku kusa da Abbeville, tafiyar sama da kilomita 200 cikin mako guda. Sojan Ingila da na Faransa da ke arewa suka wayi gari an datse musu hanya ta baya. Ƙarshenta sai ta tashar jiragen ruwa ta Dunkirk aka kwashe sama da mutum 300,000 ta ruwa.

5/ Yanzu a gwada kalmominmu. Harin ba-zata ya yi faɗi, ko ɗan fashi ma yana kai shi. Samame na jami'an tsaro ne. Kwanton ɓauna kuwa zama ake a jira, wannan ko tafiya ce ba tsayawa.

6/ Dirar mikiya ta fi su armashi, kuma na san da yawanku ita za ku zaɓa. Tana da sauri, tana da firgici, ta kuma dace da jiragen Stuka masu sulmiyowa daga sama. Matsalarta, mikiya in ta dira ta sura tashi take ta koma. Guderian bai koma ba, ciki ya ƙara nutsawa.

7/ Muna da gini a hannu: sari-ka-noƙe. Kowa ya ji ya san yaƙin sunƙuru ake nufi, don sunan ya faɗi abin da mayaƙi ke yi da abin da ke biyo baya. A kan wannan gini nake ba da shawarar yaƙin keta-ka-wuce. Ka keta daga, ka wuce, ka bar na baya su yi wa ragowar ƙawanya.

8/ Wani amfaninsa, sunan da kansa ya nuna inda dabarar ke da rauni: in wucewa ta gagara fa? A 1941 Guderian ya shiga Tarayyar Sobiyat da rundunar tankoki ta biyu. Ya keta a Minsk da Smolensk, aka karkata shi kudu wajen yi wa Kiev ƙawanya, sannan ya nufi Mosko. A Tula, kudu da Mosko, tafiya ta tsaya. Taɓo, sanyi, ƙarancin mai da kayan gyara, ga sojan Sobiyat da suka ƙi watsewa. Kar a manta, yawancin kayan sojan Jamus dawakai ke ja. A ƙarshen Disamba Hitila ya tuɓe shi. Ya dawo a 1943 a matsayin babban sufeton rundunar tankoki, ya zama shugaban hafsoshin sojan ƙasa a Yulin 1944, aka sake sallamarsa a Maris 1945.

9/ Walƙiya tana ƙawata abin, kuma ban ga dalilin ƙawata shi ba. Mutumin nan yaƙin mamaya ya yi wa Hitila, ya karɓi kyautar katafariyar gona a ƙasar Polan da aka mamaye, ya kuma zauna a kwamitin da ya kori hafsoshin da aka zarga da yunƙurin kashe Hitila, aka miƙa su kotun Nazi.

10/ Ga shi a jimla, ku ji ko ya zauna: "A 1940 Jamus ta ci Faransa da yaƙin keta-ka-wuce cikin mako shida." Malamanmu na Hausa da 'yan'uwa na Damagaram da Sakkwato, keta ko fasa, wanne ya fi daɗi a bakinku? Ni na guje wa fasa ne don kada kunne ya tafi wajen fasa-ƙwauri.