Haƙorin da na saya a Fayum, shin zai wuce filin jirgi?

Ɗan Azhar: Salamu alaikum 'yan uwa. Wata mai zuwa zan baro Alƙahira in koma gida. Bayan jarrabawa muka fita Fayum, wani yanki a nan Masar, da 'yan ɗakinmu, ni da ba na ma son zuwa don kuɗin hannuna ya yi ƙasa, su suka matsa sai mun wuce tafkin Ƙaruna mun nufi Jabal Ƙaɗrani, wasu tuddai a cikin hamada. A hanya wani ya sayar min da haƙori mai nauyi, ya riga ya zama dutse. Ya ce na Arsinoitherium ne, dabbar nan mai ƙahoni biyu manya a bisa hanci kamar karkanda, da ta rayu a yankin fiye da shekara miliyan 30 da suka wuce. Ƙanena na sayo wa, yana karatun ilimin duwatsu. Yanzu an ce za a iya tsare ni a filin jirgi. Barci ma ya gagare ni. Ya zan yi?

Baban Hafsa: Ƙanena, da farko wannan ba karkanda ba ce, danginta giwa ne da rema. Ƙahonta ƙashi ne, na karkanda kuwa irin sinadarin farce ne. Tun 1902 aka raɗa mata suna. Na biyu, wurin nan gandun gwamnati ne tun 1989, doka ta hana ɗaukar komai daga ciki. Ka kai haƙorin gidan tarihin duwatsu na Alƙahira, can akwai ƙoƙon kan dabbar, ka miƙa musu.

Ummu Yasir: Ya miƙa a tambaye shi inda ya samo? Ni littattafai kawai na ɗauko bara, aka ce kaya sun yi nauyi, na bar kwali guda, har yau ban gan shi ba.

Abu Sadik: Naɗe shi cikin jallabiya kawai, wa zai kula?

Baban Hafsa: Na'ura za ta kula. Kada ka jefa yaro a masifa. Nawa ka saya, kuma mai sayarwar ya ba ka takarda?

Ɗan Azhar: Yaya, ni fa ban tono komai ba, da kuɗina na saya, a gaban mutane. Kuma na riga na tura wa ƙanena hoton, ya nuna wa malaminsu.

Ummu Yasir: Wataƙila ma jabu ne.

Ɗan Azhar: Ba jabu ba ne, Anti, na riƙe shi da hannuna. Idan ta jirgin kaya na aika fa, shi ma ana buɗewa?