Na amsa zan yi wa abokina ɗan jagora a tseren kilomita 21, yanzu ƙwaurina ya hana ni sakat

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, raina ne a jagule. Ina da aboki tun muna makaranta, benci ɗaya muke zama, shi ke fitar da ni a lissafi. Shekara huɗu da suka wuce hawan jinin ido ya ɗauke masa gani. Ya yi kusan shekara ko ƙofar gida ba ya leƙawa, waya ma ba ya ɗauka. Ni ma na yi laifi, na ɗauke ƙafa, don ban san me zan ce masa ba. Har yau abin yana ci na. Gudu ne ya dawo da shi hayyacinsa. Ɗan yayarsa ke riƙe masa igiyar da makaho da ɗan jagoransa ke kamawa suna gudu tare, to yaron ya tafi karatu. Rannan ya ce mini ya yi rajistar rabin gudun fanfalaki, kilomita 21, ko zan zama ɗan jagoransa? Ko numfashi ban ja ba na ce na yarda.

Saura mako bakwai. Ya fi ni gudu nesa ba kusa ba, ga ƙwaurina na hagu yana ciwo. Ban gaya masa ba. Jiya muna kilomita na takwas ya ce, "Me ya sa takunka ya canja?" Na ce takalmi ne. In janye ko in daure?

Tsohon ɗan tsere:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, daure kawai. Shekara goma sha biyar ina gudu, babu ciwon da ban gani ba. Ciwon ƙwauri gaisuwar sabon shiga ce, kowa ya sha ta. Ka san Terry Fox? Ɗan Kanada, an yanke masa ƙafar dama saboda sankarar ƙashi. A 1980 ya ɗauki ƙafar roba ya yi kwana 143 yana gudu, kilomita 5,373, kusan fanfalaki guda kullum. Kai da ƙafa biyu lafiyayyu kana kukan ƙwauri? Ka sa ƙanƙara, ka canja takalmi, ka ƙara nisa duk ƙarshen mako. Magana ta ƙare.

Anti Nas:
Magana ba ta ƙare ba, Yaya. Ɗan'uwa, ba ka faɗa mana kilomita nawa kake yi a mako ba, da kuma tun yaushe. Sannan ciwon, shimfiɗe yake a tsawon ƙashin, ko wuri ɗaya ne da za ka iya ɗora yatsa a kai? In wuri ɗaya ne, kuma yana damunka ko kana tafiya ko kana kwance, ana tsoron tsagewar ƙashi, irin wadda ke zuwa in an ɗora wa ƙafa aiki da gaggawa. Wannan ƙanƙara ba ta maganinta, hutu take so na makonni. Kuma a farko-farko hoton ƙashi kan fito kamar lafiya lau, don haka likita za ka gani, ba mu ba.

Mai tambaya:
Anti, na gode, amma ba na jin ya kai haka. In jiki ya yi zafi ciwon yana lafawa. Asibiti kuma na san abin da za su ce, a daina gudu. To in daina in ce masa me? Sau ɗaya na taɓa guje masa, ba zan sake ba.

Mai ƙafar roba:
Malam Tsohon ɗan tsere, don Allah ku daina mayar da mu bulalar dukan masu ƙafa biyu. Na gaji. Shekara shida ina tafiya da ƙafar roba, duk wanda ya gan ni ina sassarfa sai ya tsayar da ni ya ce na ba shi ƙwarin gwiwa. Babu mai tambaya yadda dungulmin ke saɓulewa in gumi ya taru a ciki, ko sau nawa nake zama bakin hanya in cire in goge in mayar. Kuma ka ƙarasa labarin mana. Terry Fox bai kai ƙarshen tafiyar da ya yi niyya ta ratsa Kanada ba, ya tsaya kusa da garin Thunder Bay saboda cutar ta kama huhunsa, ya rasu a Yunin 1981 yana da shekara 22. Shi ma da jiki ya ce a tsaya, tsayawa ya yi.

Tsohon ɗan tsere:
Allah ya ba ka haƙuri, ban faɗa don raini ba. Amma ina nan kan bakata. Henry Wanyoike na Kenya, makaho, ya ci zinare a mita 5,000 a gasar naƙasassu ta Sydney a 2000, ɗan jagoransa ya galabaita, shi ya riƙa jansa har layi. Ka ga ke nan ko ɗan jagora ya gaza ba a fasa tsere. Ƙanina, ka bar jin maganar masu tsorata ka.

Maman biyu:
Ai ni wannan labarin tsoro ya ƙara ba ni. Mijina ba ya gani, ni ke fita da shi. Ɗan jagora ba rakiya kawai yake yi ba, baki ne da ido: rami a hagu, za mu hau tudu, taku uku mu karya dama, ga teburin ruwa. In kana haki ba ka iya magana, wa zai faɗa masa? Shi ya sa ake son jagora ya fi wanda yake ja ƙarfi. Mu kam wani tsere da muka je bara, masu shiryawa suka sa mu a can baya cikin cunkoso, mutane na ta ratsa tsakaninmu suna harɗe igiyar, wani har ya zage ni wai mun tare hanya. Na rubuta musu ƙorafi, har yau shiru. Ban sake komawa ba.

Ɗan sassarfa:
Me zai hana ku nemi jagora na biyu ku raba nisan? Ko a manyan gasanni ana yarda da jagora biyu a tseren nesa. Ka tambayi masu shirya naku. Kai ka ɗauki kilomita goman ƙarshe, ku tsallaka layi tare.

Mai tambaya:
Na yi tunanin haka, amma ba ku san shi ba. Ba ya sakin jiki da baƙo, sai da ya yi wata biyu kafin ya saba da takuna. Kuma in na kawo wani, ai na tona wa kaina asiri. Maman biyu, ina iya magana har wajen kilomita shida, bayan nan ne dai sai a hankali.

Mai ƙafar roba:
Asirin da ya riga ya ji da kunnensa? Mutumin da ya gane takunka ya canja, kana ganin ya yarda takalmi ne? Kana yanke masa hukunci a bayan idonsa, irin abin da ake yi mana kullum.

Anti Nas:
Har yanzu ba ka amsa ni ba. Wuri ɗaya ne ko shimfiɗe?

Mai tambaya:
Zan duba in na koma gida, Anti. Gobe da sassafe dai muna da kilomita goma sha biyu, na riga na ce masa ina zuwa. Akwai wanda ya san irin bandejin da ake ɗaure ƙwauri da shi?